Siririn Ƙarfe da Cinyar Yaya

A shekarun da ba a daɗe da yanke mana jiha daga Sakkwato ba, lokacin da man fetur ya koma sai a galan a hannun 'yan bumburutu, ina da wata tsohuwar a-kori-kura da na saya bayan na ajiye aikin gwamnati. Da ita nake kwaso hatsi daga gonakinmu na 'Yankuzo zuwa Gusau. Ban taɓa jin kunyarta ba, ko da yake tana tafiya tana rangaji kamar raƙumi.

A ƙarƙashin gaban irin waɗannan motoci akwai wani lanƙwasasshen ƙarfe da ya haɗa ƙafar dama da ta hagu, shi ke hana mota kwantawa gefe guda. In robobinsa suka cinye ya fara ƙara, al'adar masu dakon hatsi a wajenmu ita ce a kwance shi a yar, a ce kayan ado ne. Haka aka yi wa tawa tun kafin ta zo hannuna. Buhun dawa ba ya kuka, saboda haka babu wanda ya damu.

Da kaka ta yi, yayana, wanda ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifinmu, ya faɗo daga kan rumbu yana jera dammunan gero, cinyarsa ta karye. Aka ɗaure masa ita da karare da tsumma. Ya rantse ba za a kai shi asibiti ba, domin a ganinsa can zarto ake fara ɗaukowa. Maɗorin Bungudu yake so, wanda gidansu suka gaji ɗori. Shi kuwa maɗorin tsufa ya hana shi fita, sai ya aiko da saƙo: a kawo shi da gaggawa, kuma kada a girgiza shi, domin in ƙashin ya goce ya huda nama, to, ƙafar ta fi ƙarfinsa.

Muka shimfiɗa katifa a bayan mota muka kwantar da shi. A gangaren rafin da ke bakin gari motar ta kwanta yadda ta saba, nauyinsa ya mirgino kan karayar. Ƙarar da ya yi ban taɓa jin irinta daga bakin namiji ba. A kan ƙyaure muka mayar da shi gida a sume.

Da ya farfaɗo ya dube ni ya ce, “Ɗan boko, in kashe ni kake so, ga wuƙa can rataye. Don mi za ka ɓata mai?”

Motocin haya duk suna layin mai, amalanke kuwa ta fi tawa muni. Sai na yanke shawarar mayar wa motata ƙarfen nan da aka yar. Da sassafe na nufi Gusau, na ɗauki makanikena muka tafi wurin masu sayar da kayan matattun motoci. Aka tono mana ƙarfe biyu da za su hau: ɗaya siriri, irin wanda motar ta zo da shi, ɗaya kakkaura, na wata babbar mota.

Mai kayan ya ce, “Haba Alhaji, mutum kamarka da wanga tsinke? Ɗauki kakkauran, motarka ta tsaya ƙyam kamar soja.”

Na dubi makanike. Ya ce, “Gaskiya ya faɗa, ba za ta kwanta ba ko kaɗan. Amma in ƙafa ɗaya ta faɗa rami, ƙarfen zai fizgi ɗayar, duk jikin motar ya amsa. Siririn yana haɗiye rami, sai dai za ta ɗan rusuna a kwana.”

“To, wanne?”

“Ranka ya daɗe, ƙafar ɗan'uwanka ce. Ni ɗaurawa ce tawa.”

Na zauna bisa wata taya, ni da na yi shekaru ina yanke shawarar da ta shafi gundumomi, na kasa zaɓe tsakanin ƙarfe biyu masu tsatsa. Rusunawa ce ta sumar da shi jiya, ga shi ana ce mini in sake sayenta. Sai na bi hanyar a zuciyata, daga ƙofar gida har kwaltar Tsafe, inda amalanken damina suka bar ramuka a gefe guda suka bushe kamar dutse. Kwana a ƙafata take, ina iya rage gudu har in yi rarrafe. Rami kuwa ba ya shawara da kowa. Na ce a ɗaura siririn. Robobi babu, sai daga tsohuwar taya aka yanko.

Kafin azahar na koma 'Yankuzo. Ƙafar ta kumbura har tana sheƙi. Muka jera buhunan gero dama da hagu suka tokare shi, nauyinsu kuma ya danne bayan motar. Matarsa ta zauna ta riƙe kansa.

A gangaren rafi na saki motar a hankali, ina salati a bayyane. Ta rusuna, ta tsaya a nan, ba ta ƙara ba. Na ji nishinsa ta tagar baya, na gode wa Allah, domin mai nishi bai suma ba. Haka muka yi ta rarrafe, masu jakuna na wuce mu suna yi mana sannu.

A cikin Gusau matarsa ta buga rufin mota. “Alhaji, yatsunsa sun yi sanyi! Don girman Allah, asibiti!”

Na tsaya. Daga tsakanin buhuna muryarsa ta fito, ƙasa-ƙasa: “Wuce.” Ban taɓa saɓa masa ba, amma ban taɓa jin nauyin biyayya kamar ranar ba. Na wuce.

Bayan la'asar muka isa Bungudu. Maɗorin ya sa aka kwance karare, ya rufe ido, ya bi cinyar da yatsunsa.

“Bai goce ba,” in ji shi. “Zai taka. Sai dai kwanan da ya yi a gida ya ci rabonsa, ƙafar za ta gajarce.”

Sa'an nan ya ce in danne kafaɗun yayana. Na durƙusa, yatsuna suka ƙi miƙewa saboda riƙon sitiyari, sai na danne shi da ƙirjina. Maɗorin ya yi bisimilla, ya ja.