Sarkin Gudu

Shekara uku na yi ina jinyar wani tsoho a Annandale, mutumin kudancin Turai. Kullum sai ya sa ni goge hoton sarkinsu, mai gashin baki har kunne da lambobin yabo cike da ƙirji. Wannan jarumin, ranar da juyin juya hali ya ɓarke, cika wandonsa ya yi da iska, ya bar talakawa a bakin bindiga.

Rannan tsohon ya tambaye ni kirarin irin wannan sarki da Hausa. Na ce, "Sarkin gudu."

Ya haddace tsaf. Duk baƙon da ya shigo sai ya nuna masa hoton, ya daki ƙirji ya faɗa. Ban taɓa gyara masa ba, ai bai yi kuskure ba.