Wata Huɗun Malam Isuhu a Gidana

Ku da kuka san kakana Malam Isuhu na Damari, kun san ba a wucewa da jariri ta gabansa a tsira. Ko masallaci za shi, sai ya jingine sanda ya ce, "Miƙo shi nan." Ya ɗora yaro a tafin hannuwansa, ya lumshe ido, ya ɗaga ya sauke kamar mai awon dawa, sannan ya yanke hukunci: "Tiya biyu da ɗan ƙoƙo. Ke uwar, mi kike ci?" A gaban jama'a fa! Har canza hanyar rijiya masu goyo suke yi saboda shi. Ga wani ɗan ludayi da ba ya rabuwa da aljihunsa, nan inda sauran tsofaffi ke ajiye goro.

To ku a hanya kuka gamu da shi. Ni a gidana ya sauka, wata huɗu cur.

Lokacin muna Faskari, maigidana yana aiki a ofishin gona. Shekarun nan ne da kuɗin mai suka buɗe, kowane ma'aikaci ya yi babur da rediyo. Ɗana na fari, ba zan kama sunansa ba, ga shi can da furfurarsa yana sunkuyar da kai, yana wata shida. Ba ya barci, ba ya bari in yi. Ba ni da kowa a garin. Wanki ni, ɗiban ruwa ni, girki ni, ga goyo. Na rame har zobena yana zamewa cikin ruwan wanke-wanke. Akwai ranar da na kai wa maigida tuwo na koma na zauna, sai da ya ce, "Miyar fa?" na tuna ban ɗora ba.

Labari ya kai Damari. Na ɗauka Inna, mahaifiyata, za ta zo. Sai ga motar kasuwa ta sauke kakan nawa, Baba Tsoho, da rabin buhun gero, da ƙullin gyaɗa, da dutsen niƙa. Dutse fa! Mutum biyu suka kinkimo shi.

Na ce, "Baba Tsoho, ai akwai injin niƙa a bayan kasuwa."

Ya ce, "Inji shina sa ma gari warin mai. Tattaɓa-kunnena ba babur ba ne."

A satin nan maigida ya dawo daga Funtuwa da gwangwanayen garin jarirai guda shida da bulumboti, kwalbar shayar da jariri, yana ta fara'a. Kowane gwangwani da hoton wani jariri fari sol, kumatu kamar an hura. Baba Tsoho ya karɓa, ya juya, ya ƙara juyawa.

"Malam, wanga yaro ɗan wa ne?"

"Hoto ne kawai, Baba."

"Na san hoto ne, ban makance ba. Ka san gidansu? Ka taɓa ganin uwarshi?"

"A'a."

"To yaron da ba a san asalinshi ba, abincinshi za ka ɗura ma ɗanka?"

Maigida mai kunya ne amma ba ya lanƙwasuwa. Aka yi sulhu: da safe gwangwani, da yamma kunun Baba Tsoho. Wato aikina ya zama biyu ke nan, babu wanda ya tambaye ni. Sai kuma na ga garin yana ƙarewa da sauri. Wata hantsi na leƙa zaure, na tarar da tsohon ya sa gwangwani tsakanin ƙafafu yana kamfata da ludayi, gemu ya yi buɗu-buɗu.

"Lallai angona! Abincin marar asali kake sha?"

Ko gezau. Ya ce, "Bincike nike. Gwangwani biyu na shanye, taɓa nan ki ji, akwai kumatu? Ƙarya suka zana."

Kunun nasa kuwa, Allah Ya kiyashe ku. A surfa gero, a wanke, a jiƙa ya kwana. A soya gyaɗa sama-sama, kada ta yi duhu, a murje ɓawon, a fece. A durƙusa kan dutse a niƙa. A tace da farin ƙyalle sau uku, don a cewarsa maƙogwaron jariri zare ne. A dama da tafasasshen ruwa, a bari ya huce. Sannan ya ɗiga a bayan hannunsa ya karkata. In ɗigon ya gudu, ya yi ruwa. In ya tsaya cak, ya yi kauri. So yake ya yi tafiyar hawainiya. Yana zaune bisa turmi yana ba da umarni, ni ina niƙa da yaro a baya, gwiwoyina sun yi kanta.

Na ce, "Baba Tsoho, cokali nawa zai sha da za a yi wannan wahala?"

Ya ce, "Uku. Amma ukun nan su ne harsashin mutum."

Ranar farko ya ɗora yaron a cinya, ya yi bisimilla, ya kai masa baki. Yaron ya riƙe kunun a kumatu, ya dube shi ido cikin ido, ya fesa masa a gemu. Na ƙyalƙyale da dariya, rabona da dariya na manta. Tsohon ya share fuska da hannun riga ya ce, "Ɗan ma'aikaci ne. Sai an bi shi da lallashi kafin shi sa hannu." Kwana tara suna wannan shari'a kafin ya fara haɗiyewa.

Sai maganar rarrafe. Matar malamin dabbobi, maƙwabciyarmu, 'yarta sa'ar ɗana ce, kuma tun tana wata bakwai take zagaye tsakar gida. An ma sayo mata keken koyon tafiya daga Kaduna, mai ƙararrawa. Nawa kuwa ya kai wata tara yana zaune daɓas kamar tulu. Kullum ta shigo sai ta ce, "Har yanzu dai?" In yi murmushi, in shiga ɗaki in share hawaye.

Baba Tsoho ya ce, "Ba a nuna mashi ba ne. Wa ya taɓa yin rarrafe a gabanshi?"

Ya tuɓe babbar riga, ya durƙusa a kan tabarma, ya kama rarrafe yana waiwaye yana cewa, "Ka gani? Hannu, gwiwa. Hannu, gwiwa." A zagaye na uku bayansa ya riƙe. Ya kasa gaba, ya kasa tashi. Daidai nan maigida ya yi sallama tare da shugabansu na ofis, wanda ya zo musamman don ya gaida surukin gida. Suka yi cirko-cirko. Daga nan ƙasa tsohon ya ɗago kai ya ce, "Sannunku da zuwa. Ku ɗan jira, muna cikin darasi."

Kwana biyu bayan haka yaron ya yunƙura ya yi rarrafe, amma da baya. Ya yi ta ja har ya shige ƙarƙashin gado ya kama kuka. Na ce, "Ga ɗalibinka nan." Ya ce, "Baya ma tahiya ce. Ai ya bar inda yake."

Ana cikin haka zafin bazara ya shigo, yaron ya kama gudawa. Kwana uku, ya zube, idanu suka faɗa, maɗigarsa ta lotsa. Kukan ma ya daina fita. Muka shiga mota sai asibiti a Ƙanƙara. Baba Tsoho na tare da mu.

Aka ƙara masa ruwa. Da ya ɗan farfaɗo, malamar asibitin ta ɗauki bulumbotin ta shinshina.

"Kina tafasa wannan duk lokacin da za ki ba shi?"

Gaskiya ba kullum ba. Wata rana ɗauraya kawai nake yi, don hannuna ba ya iya ɗaga tukunya. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, hawaye suka zubo mini. Sai tsohon ya matso.

"Malama, yi da ni. Ɗiyar nan ta fi wata uku ba ta yi barcin kirki ba. Na zo in rage mata aiki, na ƙara mata. Laihina ne."

Tun da nake ban taɓa jin ya ce laifinsa ne a kan komai ba.

Malamar ta sassauta. Ta ce a jefar da bulumboti, a ci gaba da nono, a riƙa ba shi kunun gero da gyaɗa a ƙoƙo mai tsabta, a ɗiga ɗan manja. Tsohon ya gyara tsayuwa, fuska ta washe.

"Ke ɗiyar wa ce a Damari?"

"Ban ma san garin ba, Baba."

"To wani ya sato kununa ya kai maku makaranta."

Ta ce, "A riƙa murje masa dafaffen ƙwai kuma."

Nan take ya ɓata rai. "Ƙwai? Yaron da ya ci ƙwai ɓarawo yake zama!" A mota ya yi ta mita, wai karatun nata bai ƙare ba aka sallame ta.

Muka dawo gida, sai ya karɓe dutsen niƙa. Shi ke durƙuso da bayan nan nasa, yana nishi yana niƙa. In an yi azahar ya ce, "Shiga ki kwanta, kada in ji motsinki." Ya goya yaron da rawaninsa ya fita yawo cikin unguwa, mutane na dariya, shi ko a jikinsa. Wata rana na tashi na same shi a bayan ɗaki yana murje gwaiduwa cikin kunu, yana waige-waige.

Na ce, "Af! Ɓarawon fa?"

Ya ce, "Rabi na sa. In ya yi sata, ƙarama zai yi."

Yaron ya murmure, ni ma na fara cika zane. Da aka yi ruwan farko ya ce gona na kira, ya hau mota ya tafi. Ba zan ɓoye muku ba, ajiyar zuciya na yi. Na ce yau gidana ya dawo nawa. Ban san ganin ƙarshe ke nan ba. Kafin a yanke gero aka aiko ya rasu.

A wurin zaman makoki nake yi wa Inna ƙorafi cikin wasa, na ce ita na sa rai, ta turo mini rigima. Ta dube ni ta ce, "Ai har na ɗaure kaya, ya ce in zauna. Kin san ina cikin zanen goyo uwata ta rasu. Haka ta yi ta ramewa tana aiki, yana kallo, yana cewa gajiyar jego ce. Shi ya raine ni da nonon akuya, ina bayansa yana noma. Ranar da aka ce kin rame, bai ci abinci ba. Cewa ya yi, jariri kowa na dubawa, uwar ce ba mai kallo."



Allah Ya jiƙan Baba Tsoho, Ya yafe masa kurakuransa, Ya haskaka makwancinsa. Yadda ya tausaya wa masu rauni, Allah Ka tausaya masa, Ka hutar da shi hutun da ba gajiya a bayansa. Amin.