Ranar da Muka Hana Sa Zama Mushe

Bana shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Sanusi, amma har yau in na ga mahauci yana wasa wuƙa sai in kau da kai. Tun lokacin da Yaya ya yanka san huɗarmu jikina ya ba ni ba lafiya ba. Jinin baƙi ne wuluk, ya ƙi daskarewa, yana ta bin ƙasa kamar ruwan kwata.

A ƙauyenmu, tsakanin Funtua da Danja, in dabba ta kwanta ba a jiran ta mutu. Da gudu ake ɗauko wuƙa, kada ta zama mushe a yi asara. Yaya ya feɗe da hannunsa, ni aka ba ni wankin kayan ciki. Na nuna masa saifar, ta kumbura sosai. Ya yi dariya ya ce, "Likitar gidanmu! Daga gama sakandare har kin fara duba shanu? Wanke ki kai wa Inna, yunwa nake ji."

Bayan kwana uku wani ƙurji mai baƙin kai ya fito masa a damtse, zazzaɓi ya rufe shi. A asibiti aka ba shi maganin maleriya. Ba a tambaye mu ba, mu kuma ba mu ga abin da ya haɗa likitan mutane da zancen sa ba. Kafin mako ya zagayo an kai Yaya makwancinsa.

Yanzu masu bincike kan zo a mota ɗaya: likitan mutane, na dabbobi, da mai ɗibar ƙasa. Sun ce cutar saifa ce, ƙwayarta kan yi shekaru a ƙasa, sun sa an kewaye wurin fiɗar da ƙaya. Da Yaya na nan, tsiya zai fara yi musu, ya ce saura su yi wa gona allura, sannan ya riga kowa kora shanu rigakafi. Haka yake. Abin da ya bar min shi ne sunan tsokanar nan, kuma na gaji da shi. Bara akuyar maƙwabta ta kwanta, na yi magana, aka ce tsoro ya taɓa min kai. Aka yanka.

Ni ma a wancan lokacin, bayan sadakar ukun Yaya, ƙurjin ya fito min a yatsa. Wata nas, 'yar Kudu haifaffiyar Funtua, ta riƙe hannuna ta ce, "Ƙanwata, wace dabba kika taɓa?" Kwana goma ina shan magani, kullum ina auna kumburin da zare. Wata Talata bayan la'asar ta kwance bandejin, ta daɗe tana kallo, ta ce, "Kin haye, Hauwa. Je ki gida."

Inna ta hau hamdala. Ni kuwa ban taɓa gaya wa kowa a asibitin ba cewa ni ce na bi gida gida da kwano, ina raba naman.