Ranar da Kajin Numerius Suka Ƙi Ci

Shekara ashirin da shida Numerius ya yi yana bin rundunar Rum da keji a kafaɗa. Aikinsa kiwon kajin alloli. Kafin a fita yaƙi sai ya buɗe kejin a gaban sarkin yaƙi, ya watsa musu dunƙulen gari. In sun ci har yana zubowa daga bakinsu, alloli sun yarda a fita. In sun kau da kai, a zauna. Sirrin sana'ar da ubansa ya bar masa shi ne ya hana su abinci kwana biyu. Shi ya sa alloli ba su taɓa ce wa rundunarsa a'a ba, shi kuma bai taɓa tambayar kansa wa ke magana a cikin kejin nan ba.

Sai manyan Rum suka juya wa junansu takobi. Wanda aka yi wa kirari a watan jiya, yau an ce maƙiyin ƙasa ne, har Numerius ya daina gane wa ake yaƙa. Ya tsinci kansa a bakin kogi cikin rundunar sarkin yaƙi Pontidius. Ɗansa tilo, Statius, yana tsallake, a sahun gaba na ɗaya rundunar.

Ranar da za a gwabza, gari na wayewa ya ɗura wa kajin sha'ir har suka ƙoshi. Mamercus mai gasa wa sojoji burodi ya same shi a kai.

"Tsoho, yau bikin alloli ake ne?"

Numerius ya ce ya je ya ji da burodinsa mai karya haƙori. Ya san in maganar ta fita, da sanda za a kashe shi.

Aka buɗe keji. Kajin suka dubi garin, suka kama gyaran fiffike. Numerius ya sunkuyar da kai yana jiran masu sanda. Pontidius ya daɗe yana kallonsa, sannan ya matso ya yi ƙasa da murya.

"Wa ya gaya maka?"

"Me fa, ranka ya daɗe?"

Pontidius ya yi murmushi, ya juya ya sanar da sojoji cewa alloli sun hana. Kafin rana ta take aka ga manzanni suna haye kogi. Ashe kwana uku ke nan Pontidius ya gama shirin komawa ɗaya ɓangaren, hujjar da zai ba sojojinsa kawai ya rasa.

Da yamma rundunonin suka haɗe. Statius ya iso da ƙafafunsa, ya rame, yana ba ubansa labarin cewa su ma kajinsu sun ƙi ci da safe. Numerius ya tambaya ko mai kajinsu yana da ɗa a wannan tsallaken. Statius ya ce mutumin ko aure bai taɓa yi ba.

Numerius ya ƙara shekara tara a aikin. Tun daga ranar, safe da yamma yake ba kajin abinci daidai cikinsu, in an buɗe keji ya tsaya yana zare ido kamar kowa.