Ƙafafuna a Cikin Rigar Malami

A shekarata ta biyu a jami'a a Guangzhou ta ƙasar Sin na shiga ƙungiyar masu hawan tsauni. Ɗakin taronsu yana kusa da laburare, kullum in na fito sai in tsaya kallon taswirorin da suka manna a bango, har wata rana aka ce in shigo ciki. Da hutun kaka ya zo, aka shirya tafiyar horo a tsaunukan yammacin Sichuan, na sa sunana. Abokin ɗakina, ɗan Maraɗi mai karatun injiniya, ya ce zai bi ni, wai kada ƙanƙara ta binne Bakano babu mai yi masa salla.

A gidan abincin da muke zuwa a unguwar Dengfeng, wani Alhaji mai sarin wayoyi ya ji labari, ya ajiye cokali.

"Me ake sayarwa a can saman?"

"Ba komai, Alhaji," in ji ni.

"Babu kaya, babu kasuwa, sai dutse? To Allah ya shiryi 'yan boko."

Mun yi tafiyar jirgin ƙasa, muka yi ta mota, har hanya ta ƙare a wani ƙauye inda malamin horon yake jiranmu. Ɗan yankin ne, rana ta ƙone masa kumatu, kuma ba shi da yawan magana. Laoshi muke ce masa, wato malam. Tafiyarsa ta fara ba ni mamaki. A hankali yake taku kamar mai rakiyar tsoho, samari suka wuce shi suna dariya. Kafin azahar duk mun zube a bakin hanya muna haki, shi kuwa ya zo ya wuce mu da takunsa na safe. Ya koya mana haɗa taku da numfashi, da ɗaurin igiya, da yadda ake kafa gatari a ƙanƙara in ƙafa ta zame. Ƙarshen horon shi ne a tsallake wani mashigi mai tsayi tsakanin tsaunuka biyu, kuma kowa a cikinmu wannan yake buri.

Yana da ƙa'ida guda da ba a ja da ita. Kowace yamma kafin rana ta faɗi, kowa zai cire takalmi da safa, shi kuma ya durƙusa ya bi yatsun ƙafafunmu ɗaya bayan ɗaya, ya danna farce ya ga ko jini zai dawo. Wanda sanyi ya ci wa yatsu, da safe zai bi masu dawakin kaya ya sauka.

Ni na karanta komai a kan ciwon kai da ƙarancin iska, na shirya jakata yadda aka tsara. Amma alwala ina yin ta ne a rafin da ke gangarowa daga ƙanƙara, in wanke ƙafa sosai har idon sawu kamar yadda aka koya mini a gida, sannan saboda azabar sanyi in zura safa da sauri ba tare da ƙafar ta bushe ba. Abokina tun da muka hau sama ya koma taimama.

"Kai Bakano, addini bai ce ka kashe kanka ba."

"Ga ruwa ina gani, ta ƙaƙa zan dafa dutse?"

"Wannan ruwa ne? Wuƙa ce ke gudu."

Yammar da za mu kwana mu tashi zuwa mashigin, Laoshi ya zo kaina ya tsaya. Yatsu biyu na ƙafar hagu sun yi fari kamar kyandir. Ya danna, ban ji komai ba. Ya ɗauki safata ya murza, ya ji danshi. Ya tambaya ko na faɗa rafi ne. Sinancina ya gudu, abokina ne ya yi masa bayanin salla da wanke ƙafa.

Na sunkuyar da kai ina jiran faɗa. Sai kawai ya zauna a gabana, ya zuge rigar sanyinsa, ya ɗaga ta ciki, ya kama ƙafafuna biyu ya ɗora a kan fatar cikinsa ya rufe. Na ji tsokarsa ta tsuke don sanyi, amma fuskarsa ba ta canja ba. A gidanmu ko miƙe ƙafa ba a yi a gaban babba. Na ja, ya riƙe.

"Laoshi, don Allah..."

"Zauna," ya ce.

"Yau ƙafar Bakano ta samu sarauta," in ji abokina da Hausa. "Bari mu koma in ba Alhaji labari."

Da jini ya fara komawa, zafin ya sa ni hawaye a gaban kowa. Laoshi ya yi kamar bai gani ba, ya shiga yi mini tambaya. Sau nawa muke salla a yini? Da wane lokaci? In ruwa zai cutar da mutum, babu wata hanya? Na ce akwai, na nuna masa da hannu a kan wani dutse. Ya gyaɗa kai, ya ce mahaifiyarsa ma tana zagaya wani tsauni don ibada, amma tana sa safa busasshiya. Sannan ya ce da safe zai sake dubawa, in yatsun ba su dawo ba zan sauka.

Da asuba na dafa dutse na yi sallata. Gari na wayewa ya zo, ya daɗe yana jujjuya ƙafar a tafinsa. Yatsun sun yi ja, kuma da ya matsa na yi ƙara. Ya zaro safa mai kauri daga jakarsa ya miƙo mini, ya gaya wa sauran cewa hutun rana ya ɗan matsa gaba, zuwa bayan wani babban dutse da ke tare iska, domin ni da abokina mu yi salla a can. Ya ɗaure ni a igiya daf da bayansa.

Hawan ya fi duk abin da na karanta wuya. Ban ɗaga kai ba, ramin sawunsa kawai nake bi a ƙanƙara, kuma na lura ya rage faɗin takunsa daidai da nawa. Da muka kai mashigin, tsaunuka suka buɗe a gabanmu farare har iyakar gani, tutocin addu'ar mutanen yankin suna kaɗawa a kan tulin duwatsu. Abokina ya rasa abin tsokana, sai tasbihi yake yi. Laoshi ya juyo ya nuna takalmina.

"Motsa yatsun."

Na motsa. Na ce duka ina jin su.

"To sha ruwa," ya ce. "Mu sauka kafin iska ta tashi."