Ayabata da Mai Wuri Ya Ƙwace

Jama'a, wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi a bakin wani ba, kuma wallahi har yau in na tuna, ɓacin rai ke fara zuwa kafin tsoron ya biyo baya. Shekarun baya ne, lokacin da na bar dakon hatsi a kasuwar Funtuwa na koma noman rani a wata fadama bayan Ƙarfi. Wani Alhaji ne ya ba ni aron fili a bakin wani tafki da ba ya ƙafewa, ni kuwa na ce ayaba zan dasa, don duk wanda ya san ayaba ya san in ka ƙosar da ita da ruwa za ta ba ka nonon da sai mutum biyu sun kama.

Na sayar da babur ɗina na sayi injin ban ruwa, na ja hanyoyin ruwa layi-layi, na yi wa kowane gindi rami kewaye na rufe da ciyawa don ya riƙe danshi. Ranar da zan fara ta da inji sai maƙwabcina Baba Nomau, wani tsoho Bamaguje mai lambun albasa, ya leƙo ya ce, "Malam, ka ko gaisa da mai wuri? Ruwan hwarko nashi ne fa."

Ni da na ji mai wuri, Alhaji na ɗauka. Na ce, "Mun gaisa, Baba, har gida na same shi, har shayi ya ba ni."

Tsohon nan ya saki baki yana kallona. "Har gida? Ya ba ka shayi?" Na ce ƙwarai. Sai ya saɓa fartanyarsa ya ce, "To, kai ka hi mu," ya juya. Ku ji fa! Mutum ya ga kana shirin faɗawa rijiya, maimakon ya ja rigarka sai ya yi maka kirari.

Wata da watanni ba abin da ya faru, ayaba ta yi kore shar, har ta fara fid da kai. Ana tsakiyar zafin bazara, wata rana bayan azahar, na ta da inji ina bin ruwa da fartanya ina buɗe masa hanya kamar kullum, sai na ga layin ƙarshe bai jiƙa ba. Na koma na duba tiyo, a cike yake tam, inji na ta ruri. Na biyo ruwan a hankali har tsakiyar lambu, to a nan na ga abin da ya fi ƙarfina. Ruwa na tahowa da gudu, sai ya tsaya cak kamar an yanka shi da wuƙa, nan laka, taƙi ɗaya gaba busasshiyar ƙasa, ba rami ba tsaga, kuma bai taru ba bai malala gefe ba. Sai na ji ƙarar haɗiya, ƙwat, ƙwat, ƙwat, dab da ƙafata, irin ta wanda ya kwana biyu bai sha ba.

Maimakon in gudu, zuciya ta ɗebe ni. Na ce, "Kai ko wane ne, ba ka jin kunya? Ga tafki can guda, sai wanda na sha wahala na jawo?" Haɗiyar ta tsaya. Inji ya mutu da kansa. Sai wani ya yi gyatsa a bayan kunnena, har na ji ɗuminta a wuyana. Inna lillahi! Takalmina ɗaya a can na bar shi.

Da na je wa Baba Nomau, sai a lokacin ya warware mini cewa mai wuri ba mutum ba ne, kuma su tun kakanni bokitin farko mayar masa suke yi cikin tafki. Na ce ni Musulmi ne, ba zan yi ba. Na kawo malami ya yi addu'a, na kawo makaniki har sau uku, inji ya tashi lafiya lau a gari, a kai shi lambu ya ƙi ko tari. Na je wa Alhaji, wai sai ya ce, "Au, ai na ɗauka ka sani, mutum uku suka bar wurin kafin kai." Wallahi ban san na iya haƙuri ba sai ranar.

Haka na tattara na koma dako, ba babur ba ayaba. Abin da ke ci mini rai, bara da rani na bi ta wurin. Ba inji, ba tiyo, ba mai noma filin, amma ayabata na nan kore shar, gindinta jiƙe da ruwa kamar yanzu aka gama ba ta, nonna sun nuna har suna rinjayar uwar, kuma ba ɗan Adam ɗin da ke taɓawa. Ni na dasa, wani ke ci.

Don haka in za a ba ku aron fadama, ku tambayi dalilin da ya sa wanda ya riga ku ya tashi, kuma in tsoho ya yi muku maganar da ta zo a karkace, ku zauna ya miƙar da ita kafin ku ta da inji.