Sandar da Na Saya wa Bawana

Matar abokina ce ta tare ni a ƙofar gidansu wata Laraba, ina dawowa daga Kasuwar Shanu, takalmina duk kashin shanu. Ta ce, "Malam, don Allah in ka shiga yau ka daina yi masa sannu. Ka zage shi."

Na tsaya ina kallonta kamar ban ji Hausa ba.

Ni Bafillace ne, mijinta Babarbare, kuma duk wanda ya tashi a Potiskum ya san wasan da ke tsakaninmu: kowa na cewa ɗayan bawansa ne. Tun muna samari ban taɓa kiran sunansa na yanka ba, "bawana" nake ce masa, shi kuma ya ce mini "ɗan Fillo mai ƙafar kara". Ran ɗaurin aurensa na miƙe a gaban waliyyai na ce ba a ɗaura wa bawa aure sai da izinin ubangijinsa. Ya rama ran sunan 'yata ta fari, ya shigo yana ta murna wai an haifa masa sabuwar baiwa. Haka muka tsufa, ni ina dillancin shanu, shi yana kwasar su a tirela zuwa Kudu.

Sai hawan jini ya kayar da shi, ɓarin hagu ya shanye. Da magani da ikon Allah baki ya daidaita, ƙafa ta dawo tana ja, amma hannun ya dunƙule ya ƙi buɗewa. Tun daga nan ya koma sa babbar riga ko ana tsananin zafi, don ya ɓoye hannun a ciki. Ya daina fita majalisa. Ni kuma, da na gan shi a haka, bakina ya mutu. Kullum sai in je in zauna a gefen tabarma in ce, "Sannu, Alhaji. Ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi," yana kallon bango.

"Tun da kuka fara ce masa Alhaji yake ramewa," in ji matar. "Kowa sannu, kowa sannu. Jiya cewa ya yi shi an riga an yi masa jana'iza, binnewa ce kawai ta rage."

Na shiga da niyyar zaginsa, wallahi na shiga da niyya. Da na ga yadda wuyansa ya zama, sai na ji kaina ina cewa, "Sannu, Alhaji." Na fito ina jin haushin kaina.

A hanyar gida na riƙa tunanin inda zagi ya fi zo mana da sauƙi, sai na tuna teburin sinuka, wasan nan na zura ƙwallaye a ramuka da sanda. Yana bayan wani mai shayi kusa da tasha, ƙarƙashin darbejiya, kafinta ne ya ƙera shi, kuma ya karkace gefe guda har an cusa masa murafen kwalba a ƙafa. A nan muka ƙarar da samartakarmu. Bawana ya fi ni iyawa nesa ba kusa ba, amma ban taɓa yarda da haka a gabansa ba. In ya zura ƙwallo a rami sai ya ɗago ya ce, "Je ka tatso nono, wannan ba aikinku ba ne." Daga baya iyali suka yi yawa, gemu ya fara furfura, ga shekarun nan da gari ya rikice aka daina taruwa a irin wuraren. Mun fi shekara ashirin ba wanda ya taɓa sanda a cikinmu.

Tebur bai ba ni wahala ba. Na sami wani tsohon tebur a gidan kallon ƙwallo da aka rufe, kafinta ya sake masa koren ƙyalle, ƙwallayensa ma suna nan cikin bokiti. Sanduna ne babu na kirki, duk sun lanƙwashe, kawunansu sun tsage. Sai na nufi shagon wani ɗan Kudu mai sayar da kayan wasanni, wanda ya daɗe a garin har Hausarsa ta fi ta wasu 'yan gida.

Ya ga dattijo da carbi a hannu, ya ce, "Baba, na jikanka ne?"

Na ce, "Na bawana ne."

Ya yi dariya, don ya san zancen. Ya zube mini sanduna a kan kanta. Duniya ta ci gaba ba mu sani ba. Akwai mai rabuwa biyu ana ɗaura ta kamar famfo, da jakarta mai zif. Akwai wata baƙa mai sheƙi, ba nauyi ko kaɗan, ya ce ita samari ke yayi. Na ɗaga ta na ji kamar na riƙe karan dawa, na mayar masa. In akwai abin da Bafillace ya gada, to zaɓen sanda ne. Na riƙa gangara su ɗaya bayan ɗaya a kan gilashin kanta, wadda ta yi tsalle na ture ta gefe. Na ɗora sauran a yatsa ina neman inda nauyinsu ya tsaya. Na danna fatar kan da farce, don mai tauri tana zamewa a jikin ƙwallo, mai laushi kuma ba ta ƙarko. Na ɗaukar wa kaina wata madaidaiciya. Tasa ce na daɗe a kai. Mutumin da ya shekara talatin yana murɗa sitiyarin tirela ba zai ji daɗin abu marar nauyi ba, kuma na yi tunanin mai nauyi za ta tafi da kanta ko hannu bai yi ƙarfi ba. Na sami wata ta farin katako, guda ɗaya ba haɗi, gindinta da kauri.

Har na juya zan tafi, sai na yi wa mai shagon maganar hannun. Ya ce, "Ayya. To ai ga wannan." Ya jawo doguwar sandar nan mai ƙarfe a kai kamar gicciye, wadda ake kwantarwa a tebur a ɗora sanda in ƙwallo ya yi nisa. "Da ita ba ya buƙatar hannun hagu sam."

Na ji daɗi har na gode masa. Na manta ɗungurum abin da muke kiranta da muna samari. Sandar tsofaffi muke ce mata, kuma duk wanda ya ɗauke ta sai an yi masa ihu.

Bayan la'asar aka turo teburin a amalanke aka shigar da shi zaurensa. Ya fito yana jan ƙafa, hannu cikin riga, ya tsaya yana kallon masu dako suna cusa kwali a ƙafar tebur. Da suka tafi na miƙa masa sandarsa. Ya karɓa da dama, ya jinjina ta, ya ɗora a tebur ya gangara. Ta tafi sumul. Na ga gefen bakinsa ya motsa.

Sannan na ciro mai gicciyen na ce, "Ga wannan kuma, Alhaji, saboda..."

Ban ƙarasa ba. Ya kalle ta, ya kalle ni, idonsa ya kaɗa ya yi ja.

"Sandar tsofaffi ka kawo mini?" ya ce. "Kai ma? Ɗauki tarkacenka ka fita."

Garin gyaran gira na tsone ido. Kunya ta kama ni, sai kuma haushi ya biyo baya, na kaina da nasa da na ciwon gaba ɗaya. Ban san lokacin da na wurga mai gicciyen bayan ƙofa ba. Na ce, "Wa za ka kora? Yaushe bawa ya yi gidan da zai kori ubangijinsa? Tsoro kake ji, Babarbaren banza. Dama can karkataccen tebur ne yake taimakonka."

Daga cikin gida na ji an ajiye muciya.

Sai bawana ya jingine sandarsa, ya sa hannun dama cikin riga, ya zaro na hagun. Ban taɓa ganinsa ba tun da ya kwanta. Ya tsotse, fatar ta yi haske, yatsun sun naɗe cikin tafi. Ya ɗauke shi ya ajiye a kan koren ƙyalle kamar mai ajiye kofi, ya gyara masa zama. Tsakanin babban yatsa da manuni akwai ɗan kwari, ya ɗora sanda a nan. Ta ƙi zamewa saboda gumi.

"Hoda," ya ce, bai kalle ni ba.

Matarsa ta miƙo gwangwanin hodarta ta bayan labule. Ni na barbaɗa masa, na murza da yatsana. Hannun da sanyi. Na sunkuyar da kai sosai don kada ya ga fuskata.

Wasan da muka yi ranar, da samarin tasha sun gani da sun yi mana ihu. Bayana ya ƙi lanƙwasa, tabarau na zamowa kan hanci, na buga farin ƙwallo ya tsallake tebur ya gangara har waje. Shi kuma duk bugu sai ya tsaya ya ɗauki hannun ya kai shi inda yake so. Amma idon yana nan. Ya zura ɗaya, ya zura wani ta jikin bangon tebur, sandar mai nauyi tana tafiya salin-alin. Sai dai gajiya ta zo masa da wuri, ƙafar ta fara rawa, ya yi ta kuskure har na kamo shi. Aka zo kan baƙin ƙwallo, na ƙarshe, wanda duk ya zura shi ya ci. Ya buga bai shiga ba, ya tsaya a bakin rami, ko yaron goye zai iya tura shi.

Na sunkuya. Zuciyata ta ce in ɗan kauce. Mutum ya fito da hannunsa yau, me zai rage ni in ya ci? Na gyara tsayuwa, na karkata kan sanda kaɗan, yadda nake zaton ba za a gane ba.

"Ɗan Fillo," ya ce a hankali. "Na ga ƙafarka. In ka ɓarar da wannan, kada ka sake taka zauren nan. Masu tausayina sun ishe ni."

Na mayar da sanda daidai. Na buga da ƙarfin da ya fi ƙima, baƙin ya faɗa rami da ƙara.

Na miƙe na ce, "Bawa dai bawa ne, ko da hannu goma."

Ya fashe da dariya, irin wadda na manta sautinta, har ya dafa tebur yana tari. "Shekara ashirin kana jira," ya ce, "sai da Allah ya riƙe maka hannuna ɗaya sannan ka ci, da ƙyar. Jera su. Jera su, mai ƙafar kara."

Na zagaya ina zaro ƙwallaye daga ramuka, ina share ido da hannun riga wai hoda ce ta shiga. Da na ɗago ya tuɓe babbar rigar ya rataye a ƙofa, ya ce tana hana shi sakewa. Ya riga ya mayar da hannun kan tebur, fari fat da hoda, shi kuma yana goga alli a kan sandarsa.